Fim ɗin baƙin mai gogen Faransa ya raba mana fada gida biyu, wa ya san gaskiyar labarin?

Baban Rabi, Bukoki, Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ne, karatuna bai wuce aji uku na koleji ba, in na kwaɓa a gyara mini.

Daren Asabar da ta wuce ƙanena ya zo da majigi da ya aro a wurin aikinsu, ya ce akwai fim ɗin da yake so ƴan fadarmu su gani. Fadar tamu a ƙofar shagona take: benci uku, tabarma ɗaya, sai gawayi da butar shayi. Muka rasa farin bango, na ɗauko farar shaddar wani mai ɗinki na rataya da ƙusa biyu. Allah ya sa mai ita ba ya cikin masu karanta wannan.

Sunan fim ɗin Chevalier, maganar cikinsa an juya ta da Faransanci. Labarin wani Joseph Bologne ne, ɗan Bature da baiwa, wanda ya zama gwanin goge irin na Turawa, mai tsirkiya huɗu, kuma gwanin wasan takobi a Faris zamanin sarakuna. Kafin shayin fari ya nuna yaran fada sun raɗa masa suna Yusufu mai goge.

Tun farkon farawa wuri ya kacame. Mozar, shahararren makaɗin nan na Turawa, na kan dandali yana kaɗa gogensa, sai ga baƙin saurayi ya taso daga cikin ƴan kallo ya ce a ara masa goge su kaɗa tare. Wannan ya ja, wancan ya mayar, har Baturen ya rasa inda zai sa kansa. Wallahi ihun da aka yi sai ka ce an yi kaye a filin kokowa. Wani mai kabu-kabu da ya tsaya wucewa kawai, ya kashe babur ya hau bencina da ƙafa yana cewa a ba shi takobin, a ba shi takobin. Daga nan kuma da aka shiga wurin da mata ke waƙar nan tasu mai tsini, rabin fada ta koma kan waya. Mai dafa mana shayi ya tambaya da gaske ko matar ciwon mara take yi. Hular farin gashin da mazan ke sawa ma ta sha dariya.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba.

Kawuna, wan mahaifiyata, ya zo daga Tawa an yi masa aikin yanar ido, sati biyu ke nan yana wajena. Dattijo ne, ya haura saba'in, ba ya jin Faransanci. Ya fito shan iska da carbinsa, ido ɗaya a rufe da auduga, ya zauna gefena ina fassara masa a kunne. Da ya ga abin da ake kaɗawa ya tsuke baki ya ce, to ashe goge ne kuka tara mutane a kai. Na zaci tashi zai yi, sai ya gyara zama. Da aka zo inda Yusufu ke neman shugabancin babban gidan waƙa na Faris, aka ce masa mata uku sun kai wa sarauniya takarda cewa ba za su karɓi umarni daga ɗan baiwa ba, na fassara wa Kawu. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya yi shiru, ya ce haka dai, ya lalubi takalminsa ya shige gida. Bai ga ƙarshen ba.

Bayan an gama aka raba dare ana musu. Ɗan jami'ar da ke cikinmu da ƴan bayansa suka ce wannan ai halin Faransa ne tun kaka da kakanni, su yi rawa da kiɗanka su hana ka kujera, abin da ya sa aka sallami sojojinsu a 2023 ke nan. Wasu suka ce ƙarya ce duka, Amurkawa ne suka ƙaga baƙin mutum don su sayar da fim, in da gaske ne an yi shi da mun ji sunansa a lakkol yadda muka ji na Mozar. Har aka sa caca ta kwalin shayi.

To masu ilimi, mutumin nan an yi shi kuwa? Karon da Mozar ya faru? Takardar matan nan gaskiya ce?

Tsohon Mushe, Yantala

Wa alaikumus salam Baban Rabi. Ka gaya wa masu cewa ƙage ne su sayo kwalin shayi, amma ɗan jami'ar ma kada ya sha shi kaɗai.

An yi mutumin. An haife shi ranar 25 ga Disamba 1745 a Gwadalup, tsibirin da Faransawa ke noman rake da ƙarfin bayi. Ubansa Georges de Bologne mai gonaki ne, uwarsa Nanon baiwa ce a gidan, ba ta kai shekara 20 ba ta haife shi. Yana yaro aka kai shi Faransa, yana da shekara 13 aka sa shi makarantar takobi ta wani La Boëssière. Da takobi ya fara suna kafin goge. Wani malamin takobi na garin Rouen ya riƙa yi masa gori da launin fata, aka haɗa su a gaban jama'a, yaron ya ba shi kashi. A 1773 ya zama jagoran ƙungiyar makaɗa da ake kira Concert des Amateurs, wadda ake lissafa ta cikin mafi kyau a Turai a lokacin.

Karon da Mozar, wanda ya sa mai kabu-kabu ya hau maka benci, masu fim ne suka ƙera shi. Babu takardar zamanin da ta ambace shi. Abin da ya tabbata, Mozar ya zo Faris a 1778 neman aiki, bai samu yadda yake so ba, har mahaifiyarsa ta rasu a can. A lokacin Joseph ne mai gari, shi ne sananne a Faris. Kuma ya girmi Mozar da shekara 10, domin shi a 1756 aka haife shi. Shi ya sa nake jin haushin laƙabin da ake yi masa na baƙin Mozar. Ina aka taɓa kiran wa da sunan ƙane?

Takardar matan kuwa gaskiya ce, a 1776. Biyu mawaƙa ne, Sophie Arnould da Rosalie Levasseur, ta ukun mai rawa ce, Guimard. Suka rubuta wa sarauniya Mari Antuwanet cewa mutuncinsu ba zai bar su su bi umarnin ruwa-biyu ba. Shi da kansa ya janye sunansa don kada sarauniyar ta ji kunya. Ka lura da abu ɗaya: waɗanda suka tare masa hanya ba sarakai ba ne, ƴan uwansa ne masu sana'ar nishaɗi, waɗanda su ma manyan gari ba sa ɗaukarsu da wata daraja.

Inda fim ɗin ya fi ba ni haushi shi ne batun uwar. Sun nuna kamar an raba su sai bayan mutuwar uban ta zo, alhali tun yana yaro aka kawo ta Faris. Sun so ne su samu wurin nan da take yi masa kitso ya ajiye hular gashi. Wuri ne mai kyau, ni ma ya taɓa ni, amma tsari ne.

Sannan sun yanke labarin a inda ya fi daɗi. Ƙungiyar da ya jagoranta daga baya ita ta fara kaɗa manyan kiɗe-kiɗe shida da Haydn, wani gwanin tsara kiɗa na Turai, ya tsara wa Faris. A 1792, bayan juyin juya hali, ya zama kanar na wata runduna ta baƙaƙe da ruwa-biyu, yana yi wa Faransa yaƙi, kuma mahaifin marubuci Alexandre Dumas hafsa ne a ƙarƙashinsa. A 1793 waɗanda ya yi wa yaƙin suka kama shi, ya yi watanni a kurkuku ba shari'a. Ya rasu a Faris a watan Yuni 1799 yana da shekara 53. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleyon ya dawo da ita a 1802, ba a kashe ta gaba ɗaya ba sai 1848. Rubutun ƙarshen fim da ke ɗora wa Napoleyon hana kiɗansa, wannan masana tarihi suna ja da shi. Dawo da bautar dai ba mai ja.

Akwai wani titi a Faris da a da ke ɗauke da sunan Richepance, janar ɗin da aka aika Gwadalup a 1802 ya murƙushe masu ƙin komawa bauta. Yanzu sunan Chevalier de Saint-George, wato laƙabin Joseph, ke jikin allon titin. Sai da aka yi shekara 200 kafin a canza.

Mu da muka koyar, ba mu koya muku shi ba saboda mu ma ba a koya mana ba.

Ɗan Zongo

Mushe Allah ya ƙara basira. Ni abin da na ɗauka a fim ɗin shi ne mu gode wa Allah da addininmu. Dokar bayi ta Faransa ta 1685 cewa ta yi ɗa yana bin uwarsa, in baiwa ce shi ma bawa ne, ko da ubansa ne mai gonar. Mu kuwa a shari'a ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, yana cin gado daidai da ɗan matar aure, uwar ma ba a sayar da ita, in ubangidan ya mutu ta zama ƴa. Sarakuna nawa aka yi a ƙasar Hausa ƴaƴan ƙwaraƙwarai? Da Yusufu a cikinmu aka haife shi da ba wanda ya isa ya kai takarda a kansa.

Sai dai gaskiya ni kiɗan bai shige ni ba. Ba kalangu, ba amshi, ba ka san inda za ka sa ƙafa ba. Kuma goge goge ne ko na wane ne, kun san abin da malamai ke cewa a kansa.

Jikar mai goge, Tawa

Malam Ɗan Zongo, layinka na ƙarshe ya rushe na farko, ko ba ka lura ba?

Na ga wanga fim a waya, ni da ƙanwata, cikin ɗaki. Ba mu yi ihu wurin Mozar ba. Inda muka ajiye wayar muka dubi juna shi ne wurin da ake tafa masa a falon manya, mata na rububinsa, amma kowa ya san ba gidan da zai ba shi ɗiya.

Kakana na wajen uwa mai goge ne. Na tashi na tarar da gogen rataye a ɗakinsa cikin tsohon buhu: rabin ƙwarya an rufe da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta izgar doki, bakan shi ma izga. Kafin ya fara sai ya goga wa izgar ƙaro, ya ɗora ƙwaryar a cinya, ya karkata kai kamar mai sauraren gulma. Tsirkiya ɗaya tal, amma tsofaffi sun ce in ya ja ta sai mace ta bar tuwo a wuta. Biki ko suna ko wasan bori, da mota ake zuwa ɗaukarsa. Alhazai sun liƙa masa kuɗi a goshi, wani ya taɓa cire babbar rigarsa a tsakiyar fili ya yafa masa.

Ɗan alhajin nan mai riga shi ya fara neman innata. Da magana ta kai ga manya aka ce a'a, ba su haɗa iri da maroƙa. Ba takarda aka rubuta ba, mu ba mu rubutawa, goro kawai aka maido. Innata ta yi aure nesa, inda ba a san gidansu ba, kuma har ta tsufa in aka tambaye ta sana'ar ubanta sai ta ce noma. Ba ƙarya ta yi ba, yana noma. Ni ma sai da na yi wayo na san mi ke cikin buhun.

Kuma mu Adarawa muna alfahari da makaɗa, har gasar kiɗa ta ƙasa da sunan namu ake kiranta, Ɗan Gurmu. Sunan gasa mun bayar. A je a nemi ɗiya a gani.

Batun bauta kuwa Malam, abin da ke cikin littafi daban, abin da ke cikin gidaje daban. A jiharmu ta Tawa aka sayar da Hadijatou Mani tana shekara 12, a kan jika 240, ta zama wahaya, wadda ake ce wa mata ta biyar. Ba zamanin Napoleyon ba, 1996. Dokar da ta mai da bauta laifi a Nijar sai 2003 aka yi ta. A 2008 kotun CEDEAO ta ce ƙasa ta kasa kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Ƴan Timidria, ƙungiyar yaƙi da bauta, da suka tsaya mata suna nan, a tambaye su ko an daina yi wa ƴaƴan irin waɗannan mata gori ranar neman aure. Ban wanke Faransa ba, abin da suka yi a Gwadalup Allah ya isa. Amma ɗan jami'ar fadarku ya ga Faransa a jikin shaddar nan, ni gidanmu na gani.

Baban Rabi, Kawunka mutumin Tawa ne, ya haura saba'in. Ba kiɗan ya kore shi ba. Kai masa shayi ka zauna, kada ka tambaye shi komi.

Tsohon Mushe, Yantala

Ɗiyata, kin faɗi abin da na yi ta kewaye. Abu ɗaya zan ƙara. Abin da ya ceci Joseph takarda ce: kiɗansu rubuta shi suke yi, kowace murya da alamarta, shi ya sa bayan shekara 200 wani zai buɗe ya kaɗa yadda mai shi ya tsara. Duk da haka cikin wasanninsa na waƙa guda ɗaya ne ya iso mu cikakke, na 1780. Namu kuwa a yatsu yake. Ku tuna biram, abin kiɗan Buduma na tafkin Cadi, mai tsirkiya biyar: da Malam Maman Barka bai je ya zauna gaban tsohon da ya rage yana kaɗa shi ba, da ya tafi da shi kabari. Shi ma Maman Barka ya rasu a 2018. In akwai kasat ɗin kakanki a wani akwati, ki fito da shi tun bai ci ƙasa ba, a juye shi a waya. Gogen kuma kada a bar shi a buhu, gara ta fi son ƙwarya.

Baban Rabi, Bukoki, Yamai

Na gode muku duka. Mushe, an sayo kwalin shayin, an raba shi biyu kamar yadda ka yanke. Ɗan jami'ar ya ce zai nemi sunan titin nan ya gani da idonsa.

Jikar mai goge, na bi shawararki. Jiya bayan isha'i na kai wa Kawu shayi ɗakinsa, na zauna ina warware wani ɗinki da na yi kuskure, ban ce uffan ba. Sai da ya sha na biyu ya ce, yaron nan mai goge, daga baya sun ba shi kujerar? Na ce a'a. Ya ce ya yi aure? Na ce Mushe bai ambata ba, a fim dai bai yi ba. Ya juya kofin a hannunsa ya ce, ni ma na taɓa sa hannu a irin takardar nan.

Ashe ɗiyarsa ta fari, wadda nake kira Yaya, akwai wanda ya so ta kafin mijin da na sani. Ma'aikacin asibiti ne, mai hankali, mai salla, Kawu da bakinsa ya ce bai taɓa ganin aibinsa ba. Sai bincike ya nuna ubansa makaɗi ne. Kawu ya tara ƴan uwa ya ce ba da shi ba. Mahaifiyata na cikin waɗanda suka goyi bayansa, wannan ma jiya na ji. Yaya ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba, daga baya ta bi maganar uba. Auren da aka yi mata bai kai shekara huɗu ba. Yaron kuwa ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin. Kawu ya ce shekarun baya da aka kwantar da shi asibiti, duk wanda ya shigo da farar riga sai ya duba fuskarsa, yana tsoron ya zama shi, yana kuma so ya zama shi.

Ban san abin da zan ce masa ba, na ci gaba da warware ɗinkina. Shi ma bai nemi in ce komai ba.

Da zan fita ya ce in gaya wa ƙanena ya sake aro majigin kafin ya koma Tawa ranar Laraba, yana so ya ga ƙarshen, amma ba a fada ba, a tsakar gida, ban da yaran nan masu ihu. An cire masa audugar, ya ce wannan karon da ido biyu zai kalla. Matsalar ɗaya, mai shaddar ya zo ɗazu ya karɓi kayansa, har yana tambayata ramukan ƙusa biyu da ya gani a bakin yadin. Wa ke da farin zanen gado a nan Bukoki ya ara mini zuwa Talata?